Ranar da Allo Ya Ƙi Tashi

Shagona na ɗaukar hoto da bidiyo yana bayan tasha a Talata Mafara. Wata Talata, ana tsaka da cin kasuwa, wani dattijo ya shigo da wata tsohuwa. Muka gaisa har da tambayar damina, sannan ya ce daga Damaga suke, wannan yayarsa ce.

"An ce muna kai ne ka ɗauki sunan da anka yi Bakura bara. Ɗanta na ciki, abokin uban jaririn ne. Allah ya yi mashi rasuwa bayan Sallah. So take ta gane shi."

Na tuna sunan, kuma bidiyon yana cikin babbar kwamfutata. Na ce ai wannan mai sauƙi ne. Ya ce amma su kama motar Maradun kafin la'asar, don bayan nan ba direban da ke yarda ya hau wannan hanya. Ba sai ya yi mini bayani ba.

Da safen nan na samu intanet mai ƙarfi, na sabunta kanel, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, na kashe ta na tafi cin waina. Yanzu na kunna, fanka ta ɗauka, rubutu ya gilma, sai allo ya yi baƙi ƙirin, in ban da wani ɗan layi da ke ƙiftawa a kusurwa.

Na taɓa wayar da ta haɗa allo da kwamfuta, na zare na mayar. Na kashe na sake kunnawa. Na danna maɓallan da ke kai mutum baƙin shafin da ake rubuta umarni, shi kam ya buɗe, nan na ga matsalar. 'Yar manhajar da ke haɗa kwamfuta da katin hoto, wadda muke kira direba, ba ta san sabon kanel ɗin ba. Sai an sauko da sabuwa, intanet kuwa ya yi ɓatan dabo, kamar yadda ya saba duk ranar kasuwa.

"Ɗana, mi ya hwaru?" in ji tsohuwar.

"Ba komai, Inna, yanzun nan."

Gumi kuwa har ya jiƙa mini riga. Na yi tunanin tura bidiyon a waya, amma kyamarata lambobi kawai take sa wa abin da ta ɗauka, sai na gani da ido zan san wanne ne. Idanun Inna ma sun yi rauni, allon waya ba zai yi mata komai ba. Na nemi tsohon kanel in koma masa, ashe sabuntawar ta share shi. Haushi ya kama ni, na ji kamar in ɗauki kwamfutar in wurga kwata.

Dattijon ya leƙa waje ya dawo. "Motar ta kusa cika. Yaya, ko mu dawo wata Talatar?"

"Wa ya ba ka wata Talatar?" ta ce. Ba ta ko dube shi ba, allon take kallo.

Dabara ɗaya ta rage mini. A farkon tashin kwamfuta akwai wurin da ake ƙara umarni, na rubuta mata ta rabu da direban nan, ta nuna hoto ko yaya ne. Sau biyu ina kuskuren harafi. Na yi bisimilla na danna.

Allo ya kawo. Amma komai ya baje, haruffa manya-manya, abin da yake da'ira ya zama kamar ƙwai. Na lalubo bidiyon na buɗe. Ga mutane a kan tabarmi ana raba goro, kowa ya gajarce ya yi faɗi. Kunya ta kama ni, don ban taɓa nuna wa kowa aiki haka ba.

Inna ta miƙe tsaye. "Ga shi nan! Mai shuɗiyar hula!"

Yana dariya yana tsokanar uban jaririn, hoton yana ɗan sarƙewa. Na ce, "Inna, a yi haƙuri, allon ne ya buɗa shi. Bari in daidaita, ki gan shi yadda yake."

Ta riƙe mini hannu gam.

"Kak ka taɓa. Wata da watanni ina jinya tai, har ya koma ina ɗaga shi da hannu guda. In na ruhe ido, hakanan nike ganin shi. Bar min shi da kumatunai."

Na janye hannuna. Daga tasha kwandasta yana ta kiran Maradun, dattijon kuwa ya nemi benci ya zauna. Inna ta matso da fuskarta dab da allon, ta ce in mayar mata daga farko.