Ranar da Keken Alƙali Ya Tsaya

Mijina tela ne, amma duk layinmu ba mai kiransa tela. Alƙali ake ce masa, alhali ko ƙofar kotu bai taɓa takawa ba. Waƙa yake yanke wa hukunci. Duk albam ɗin da ya fito, na gida ko na waje, sai ya bi ta shagonsa ya saurara, ya faɗi ra'ayinsa, wanda zai ji haushi ya ji.

Shagon a jikin gidanmu yake, bango ɗaya ne tsakaninsa da kicin ɗina, don haka ni ma na zama 'yar sauraro ko ina so ko ba na so. Keken ɗinkinsa na ƙafa ne, tsoho, baƙi. Ya ƙi na lantarki fafur, wai ƙararsa tana danne waƙa. Sifika tana rataye a ƙusa sama da teburin yanka, kusa da almakashi da tef ɗin awo. Maƙwabcinsa mai gyaran waya shi ke zuba masa sababbin albam a memori, shi kuma ya riƙa rage masa tsawon wando.

Yana da ƙa'idarsa, kuma ba ya ɗaga wa kowa ƙafa a kanta. Albam daga waƙar farko ake fara shi har ta ƙarshe, yadda mai shi ya jera, ba tsallake, ba surutu. Cewa yake yi albam riga ce, wanda ya ji waƙa ɗaya ya yanke hukunci hannun riga kawai ya gani. Wata rana wani kwastoma ya miƙa hannu zai tsallake waƙar da ta gundure shi. Malam ya ninke masa yadinsa, ya miƙa masa da hannu biyu, ya ce ya gwada telan gaba. Na ce, "Malam, yanzu saboda waƙa za ka kori kwastoma?" Ya ce mutumin da ba zai iya haƙurin waƙa ɗaya ba ai ba zai iya jiran ɗinki ba. Mutumin ya dawo washegari da kansa, har yau kuma shi ke masa ɗinki.

Ba abin da ba ya ji. Gambarar zamani ta samarin nan masu magana kamar ana bin su da gudu, waƙoƙin soyayya, rege, jaz, kiɗan jita na mutanen da ko kalma ɗaya ta yarensu bai sani ba, har irin wanda ba murya sam sai fiyano yana ta kai da komo. Da yamma in ya share ƙyallaye, mai aski da mai gyaran waya da direbobin layi su cika benci, a fara shari'a, Malam yana yanke hukunci.

"Wannan yaron yana da baki, amma duk albam ɗin labarin kansa ne. Daga waƙa ta uku ya fara maimaita kansa."

"Ita wannan muryarta zinariya ce, masu kiɗanta ne suka cuce ta. Duk inda ta ja numfashi sai sun cusa ganga."

"Waɗannan ban san me suke cewa ba, amma wallahi sun yi rashi, kuma sun san yadda ake kuka da jita."

Ko yana tsakar aiki, mai aski kan taso don musu, aska a hannu, ya bar kan mutum rabi a aske. Malam ko a jikinsa. Wani lokaci bayan mako ya ce, "Na sake saurara, na zalunci yarinyar nan," ya janye hukunci a gaban kowa. Wannan halin nasa ne ya sa nake yafe masa sauran.

Ni kuwa ba na jiran yamma, tun daga kicin nake sanin hukunci. Ƙafarsa ce ke tona masa asiri. In albam bai yi masa ba, keken gudu yake yi tar-tar-tar, kamar yana so ya kai ƙarshe a huta. In ya yi masa, sai taka keken ya bi kiɗan, har ni ma in tsinci kaina ina yanka albasa a kan wannan takun. In kuwa waƙa ta taɓa shi can ciki, keken tsayawa yake yi cak. Duk zamanmu da shi, sau nawa ma na ji haka? Bai taka kara ya karya ba.

To, Allah da ikonsa, sai autanmu ya tashi mawaƙi. Ina mamaki? Yaron da ya yi rarrafe a ƙarƙashin wannan sifikar. Yanzu ya zama saurayi har da gemu, yana aiki a kantin kayan gini, abin da ya samu ya kai situdiyo. Ya daɗe yana haɗa albam a ɓoye. Yayarsa ta ji, abokansa sun ji, ni na ji har na yi hawaye, uban ne kaɗai bai sani ba.

Na ce, "Auta, kai wa Babanka mana."

Ya ce, "Umma, kin fi kowa saninsa. In Baba ya ce ba kyau, wallahi na ajiye waƙa ke nan. Gara kar ya ji."

Na san ba wasa yake ba. Taurin kan uban ne a kansa. Kuma na san Malam ba zai yi ƙarya a kan waƙa ba ko don ni, balle don ɗa. Amma a ce duk gari su ji ɗansa, shi ya ji a bakin mai aski? Haba, wannan kuma ban yarda ba.

Sai na yi dabara. Na sami mai gyaran waya na ce ya zuba albam ɗin a memori ba suna ba hoto, ya ce wani sabon yaro ne. In hukunci ya yi daɗi, mu fito da Auta a yi murna. In ya yi ɗaci, ni da mai gyaran waya mu haɗiye abinmu, yaro bai ji ba bai gani ba.

Da hantsi aka kunna. Ina kicin, tukunya a kan wuta, kunnena a bango. Waƙar farko, keke ya ɗauki gudu. Ta biyu, gudu. Ta uku, har na ji teburin yana rawa. Na ce shi ke nan, an kashe min yaro. Waƙa tana bin waƙa, keken nan bai sassauta ba, ni kuwa na zuba gishiri a miya na manta na sake zubawa. Haushi ya kama ni, har na ɗauki mayafi zan shiga in ce masa kai wane irin mutum ne, ɗan cikinka ne fa!

Sai waƙar ƙarshe ta shigo. Ita ce wadda Auta ya ce min ciko ce kawai. Ranar da za su ɗauke ta kwamfutar mai situdiyo ta lalace, suka ɗauka haka nan a waya, shi da jita, ba na'urar nan da ke goge murya ta mayar da ita sumul. Kafin ya fara ma sai da ya yi ɗan gyaran muryar nan tasa, ƙasa-ƙasa, irin wadda yake yi tun yana ƙarami in zai roƙi wani abu.

Keken ya tsaya cak. Na tsaya da mayafi a hannu har waƙar ta ƙare, ban ji motsin komai ba. Can sai ga Malam a ƙofar kicin, tabarau a goshi, zare a kafaɗa.

"Maman yara, kira min Auta."

"Wane Auta kuma? Ai wani sabon yaro ne aka ce."

Ya dube ni kawai. Na ɗauki waya.

Auta ya zo da ƙurar siminti a wando, ya tsuguna ya gaishe shi, yana harara ta ta gefen ido. Malam bai jira yamma ba, bai kira 'yan benci ba, ya ma sakaya ƙofar shago.

Ya ce, "Kiɗanka ya yi yawa, waƙoƙin sun yi tsawo, biyu daga ciki abu ɗaya suke faɗi. Wannan duk gyara ne, kowa yana yi. Abin da ya dame ni, na zauna tun farko ina sauraron wani yaro, ina cewa Allah sarki, ko ɗan wane ne wannan da ya ba inji muryarsa. Ni da na yi maka huɗuba a kunne ban gane ka ba, Auta. Sai a ta ƙarshe na ji ɗana."

Auta ya sunkuyar da kai, ni kuwa na fara salati a zuci. Can ya ce, "To in bari ke nan, Baba?"

"Ka bari? Wa ya ce ka bari? Ka koma ka sake min sauran da muryar da Allah ya ba ka. Ina jira."

Yaron ya yi dariya, hawaye na zuba, ya ce mai situdiyo zai kashe shi. Malam ya ce a turo masa mai situdiyon, yana da magana da shi shi ma.

Bayan ya tafi na shiga kwashe kofin shayi, na tarar da Malam da reza yana farke ɗinki. Rigar wani direba ce, layin ya tafi tsaf har kusa da aljihu, daga nan ya karkace ya hau kan maɓalli. Tunda aka kawo ni gidan nan ban taɓa ganin karkataccen ɗinki ya fita daga hannunsa ba. Na ce, "Alƙali, wannan fa?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Miyarki tana ƙonewa." Sannan ya miƙa hannu ya mayar da waƙar ƙarshe, shi da bai taɓa tsallake waƙa ba.