Fankar da Muka Sa wa Motar Baba a Gaya

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga Kano, ni da ƙanena da Baba, a tsohuwar a-kori-kurarsa wadda ta girme ni. Baba ya yi shekara da shekaru yana ɗauko gero da gyaɗa da ita daga ƙauyukan Ajingi. Yanzu ido ya yi rauni, ni nake tuƙa shi. Za mu Toranke gaida Gwaggo, yayarsa. Ƙanena kuwa ya riga ya yanke hukunci: in motar nan ta sake tafasa a hanya, a sayar da ita kowa ya huta. Baba ya dai shafa murfin ƙofa.

Kaka ta yi. Hazon safiya ya kwanta a kan kogin Wudil, masunta suna shawagi a cikinsa kamar a mafarki. Ina cikin kallonsu allurar zafin inji ta fara hawa. Kafin mu shiga Gaya tururi ya turnuƙe bonet, ƙanena yana murmushin wanda ya ci shari'a.

Muka gangara wurin wani mai wayarin a bakin tasha. Ya ce tsohuwar fankar da fambel take juyawa, in mota ta rage gudu ita ma sai ta yi kasala. Ya kwance ta, ya ɗaura ta lantarki a bayan lagireto da ƙarafa biyu, ya ja waya zuwa batir, ya sa fis, ya kafa ɗan makunni a ƙarƙashin sitiyari. Da ya kunna, ya kara leda a gaban lagireto, sai iska ta cillo ta waje. Ashe ya juya wayoyin. Ya yi dariya ya musanya su, ledar ta manne. Mu kuwa muna kan benci muna cin waina da miyar taushe, muna jin masu babur suna kukan tsadar fetur.

Daga nan tafiya ta yi daɗi har ta ba ni tsoro. Allura ta kwanta ba ta motsi. Dammunan gero jingine da juna a gonaki, mata na tsinkar gyaɗa a inuwa, ƙanshin ƙasa da kara na shigowa ta taga. Fankar tana wani siririn kuka mai sa gyangyaɗi. Na ji kamar ba tuƙi nake ba, hanyar ce take zuwa da kanta.

Mun yi nisa sai Baba ya ɗago.

"Kai, ba mu zo rijiya ba?"

"Wace rijiya, Baba?"

"Ta gindin tsamiya, wajen ƙauyen Balan."

Na ce ai mun wuce ta tuntuni, motar ba ta neman ruwa. Ya ce, "To, madalla." Ya juya fuskarsa wajen taga.

A Toranke Gwaggo ta dama mana fura, ta yi ta tsokanar Baba wai ya tsufa ya bar ta. Dariyarsa ba ta kai ciki ba. Da na ba ta labarin fanka ina alfahari, sai ta ja ni gefe. Ta ce duk zuwan da Baba yake yi a gindin tsamiyar nan motar take tafasa, wani mai gona a wurin ya ja masa ruwa, su zauna har inji ya huce. Bai taɓa shiga gidan mutumin ba, bai taɓa cewa ya zo gaishe shi ba. Ruwa kawai yake tsayawa nema. "Kuma ka san halin ubanka," in ji ta, "ba zai ce ka tsaya ba."

Tausayinsa ya kama ni.

Da la'asar muka juyo. Ina hango tsamiyar daga nesa na zura hannu ƙarƙashin sitiyari na kashe makunnin, na rage gudu. Ƙanena ya gan ni. Ya san abin da tafasar nan take nufi a hukuncin da ya yanke, amma ya kau da kai yana kallon gonaki. Allura ta hau a hankali, tururi ya taso, na faka a inuwa.

Wani dattijo ya fito daga cikin dawa da guga a hannu, yana sauri yana ɗingishi. Ya leƙa taga, ya daɗe yana kallon Baba.

"Alhaji, ashe kana nan! Da safe na ji kukan motar nan ta wuce ba ta tsaya ba. Na ce shi ke nan, Alhaji ya riga mu gidan gaskiya, 'ya'ya sun sayar da ita. Wallahi har addu'a na yi maka."

Baba ya laluba ya kama hannunsa. "Ruwa muke so, Malam."

Suka zauna a kan saiwar tsamiya har rana ta yi ja. Inji ya daɗe da hucewa, ba wanda ya faɗa.

Mun iso gida bayan magariba, fanka na aikinta. Na koyi cewa kafin ka gyara wa tsoho abinsa, ka tambayi me lalacewar take yi masa. Ƙanena bai sake tayar da maganar sayarwa ba. Da zan taimaki Baba ya sauko, sai ya riƙe hannuna ya ce, "Nuna min inda abin kashewar nan yake."