Inna Asibi, Wadda Ta Sha Fura a Tsakiyar Kasuwa

"Wallahi muna goyon bayanta, amma dai a zuci." Haka na ji wata maƙwabciyarmu ta faɗa a bakin rijiya, ba ta san ina bayanta ba. Maganar yayata Hajaratu suke. Har yau abin bai bar kunnena ba.

Inna Asibi daddawa da kuka take saidawa a kasuwar Ƙanƙara. Da hantsi za ka gan ta tafe da faifai a ka, tana ɗan ɗingishi, ta shimfiɗa buhu a gindin bedi ta zauna. Ba ta da surutu. Duk tsawon shekarunta a wurin, ba wanda ya taɓa ganin ta kai ko ƙwayar gyaɗa baki, don a wajenmu dattijuwa ba ta ci a kasuwa. Abin kunya ne, har jikoki sai an yi wa gori.

Yaya Hajaratu kuwa, ɓarayin daji ne suka tare motarsu a hanyar Sabuwa, suka tafi da ita daji. Da Allah ya kuɓutar da ita, sai ta koma sana'arta ta fura. Kowa ya zo barka, amma ba mai saye. Wai ba a san abin da ta taɓo a can ba. Kullum ƙwarya ta dawo a cike, furar ta yi tsami mu ba awaki. Har ta fara cewa za ta bar garin.

Ranar wata kasuwa, ina riƙe mata nono, sai ga Inna Asibi ta baro daddawarta.

"Ke Hajaratu, dama mini hura."

"In kai miki gida, Inna?"

"Gidan wa? Nan zan sha."

A tsaye ta sha, ludayi bayan ludayi, kasuwa na kallo. Muttaka mahauci ya ce, "Inna, yau kuma kunyar fa?"

Ta ce, "Na bar ta gida tana jiran masu goyon baya a zuci. Kai in cikinka na da ƙarfi matso, in rowa ce ta hana ka sai ka hwaɗi."

Aka fashe da dariya. Muttaka ya goge hannu ya karɓi ludayi. Kafin la'asar mun kife ƙwarya.

A makaranta an koya mana goyon baya shi ne ka yarda da abu. Inna Asibi, a wurinki na gane sai an gan ka, sai ka tsaya inda za a iya zagin ka tare da mutum. Ke ce kika ajiye kunyar shekara da shekaru don 'yar wani ta ɗaga kai. Asibi garkuwar wanda aka juya wa baya! Yanzu Yaya sai ta ƙara gero, kuma ta daina zancen tafiya. Mun samu barci.

Na gode, Inna. Allah ya ƙara wa gwiwoyin nan lafiya. Ku kuma masu yi a zuci, ku fito da shi waje, zuci ba ta sayen fura.

An ce akwai wata a Faskari da ta dawo daga hannun ɓarayin daji, ita ma an ƙi ƙosanta, kuma kin ce za ki. Sau nawa ina zuwa gindin bedin nan in kasa buɗe baki, sai in sayi kuka in juyo. To yau ga shi a gaban jama'a: Inna, za ki tafi da ni?