Neman Dangin Inna Kande a Ƙasar Ɗambatta

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga Ungogo, ni da ƙanena. Baba ne ya aike mu daga kan gadon jinya. Mahaifiyarsa, Inna Kande, ta rasu ba ta san danginta ba. Iyakar abin da take tunawa shi ne tana ƙarama wani falke ya ɗauko ta daga wani ƙauye a ƙasar Ɗambatta, kuma ubanta marini ne, sunansa Iro. Har ta koma ga Allah tana cewa iyayenta bayar da ita suka yi. Baba ya ce yana son jin gaskiya kafin nasa lokacin ya yi.

Kuɗin mota ya kusa ninka na bara, amma kujera ba ta ƙara faɗi ba, kwandasta ya danna mu kamar buhunan gero. Damina ta yi nisa. Hagu da dama gona na bin gona, ba ka ganin ko ɗan filin da za a ɗaure akuya.

A Ɗambatta muka karya da koko da ƙosai, muka nufi ofishin rajistar haihuwa. Ma'aikacin ya saurare mu da mutunci, sannan ya ce, "Malam, a zamanin da kake magana wa ke rubuta haihuwa a ƙauye? Ƙidaya kuwa kawuna aka ƙirga, mu nan ba mu da sunaye. Ku gwada tsofaffin takardun haraji wurin dagatai."

Muka hau babur cikin taɓo. Ƙauyuka biyu suka ce ba su taɓa yin rini ba. A na uku dagaci ya sa aka fito da wani akwatin ƙarfe. Gara ta ci fiye da rabin takardun. Can muka ga sunan Iro marini, an ja masa layi a kai. Ba matarsa, ba 'ya'yansa, don maza masu biyan haraji kaɗai aka rubuta.

Dagaci ya raka mu wurin Iya Hanne, tsohuwar da ta fi kowa shekaru a garin. Da muka faɗa mata abin da ya kawo mu, ta ce, "Iro na bakin karofi? Innata ta sha ba mu labarin. Sanƙarau ne. A bazara guda ya kwashe gidan kaf. 'Yarsa kaɗai ta tsira, aka tarar da ita a ɗaki kusa da gawar uwarta. Mutanen gari na tsoron ciwon, ba wanda ya yarda ya ɗauke ta sai wani baƙon falke."

Na tambayi kaburburansu. Aka nuna mana gonar gyaɗa, wai a nan tsohuwar maƙabartar take. Muka tsaya a bakin kunya muka yi musu addu'a. Ƙanena ya kasa ƙarasa Fatiha.

Kafin magariba muka iso gida. Na faɗa wa Baba komai, ban rage ba. Ya ce, "Ashe ba bayar da ita suka yi ba." Sai ya juya fuskarsa ga bango.

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne mun makara. Mota da babur ne kawai tsakaninmu da amsar nan, yini guda, kuma Inna Kande ta yi shekaru tana zaune a tsakar gidanmu ba wanda ya tashi ya nemo mata. Allah Ya jiƙanta, Ya haɗa ta da nata.