Bayan Merv da Hanjinsa

Merv Doolan mai askin tumaki ne a yammacin Queensland, kuma tun yana da gashi a ka ba a taɓa shan gabansa a rumfar aski ba. Shi ne na ɗaya. Wanda bai sani ba, Merv zai sanar da shi.

Hanjinsa ne kaɗai bai san girmansa ba. Ciwon kumburin hanji ya kayar da shi bara, ya rame ya lalace, har likita ta ɗora shi kan wata allura da matarsa Noelene ke ajiyewa a firji kusa da man shanu. Ya miƙe garau. Sharaɗi ɗaya likitar ta kafa masa: in baya ya matsa, ya sha farasitamol. Ibuprofen da danginsa kuwa ko kusa, don suna iya tayar da ciwon, kuma in ya sake tashi, wataƙila sai an yanka.

To a rumfar aski, lokacin shan shayi, ƙwayar ciwon baya, ibuprofen ɗin nan, ake zagayawa da ita kamar alewa. Merv ya yi watanni yana kauda kai, har da yi wa mutane wa'azi. Sai ga Tamati daga New Zealand, hannunsa kamar inji, ya fara taka masa dunduniya.

"Dattijo, bayan ne?" in ji Tamati, yana miƙo kwalin. "Karɓi biyu, kada tunkiya ta aske ka."

Aka fashe da dariya. Merv, mutumin da ko karensa ba ya ba magani sai ya tambayi likitan dabbobi, ya karɓa ya haɗiye. Washegari ma haka, har ta zame masa jiki. Baya ya yi luf, matsayi ya tsaya. Noelene bai gaya mata ba, balle likita.

Ranar ƙarshe ta aski cikinsa ya murɗa. Ya saki tunkiya rabi a aske, ya ruga bayan gida, ya ga jini. Tsoro ya kama shi, wallahi, irin wanda bai taɓa ji ba.

An yanke masa wani yanki na hanji. Noelene ta zauna bakin gadon asibiti, idonta jawur.

"Ai ka ci, maigida," ta ce. "An ce ranar ba wanda ya kai ka gudu."

Yanzu Merv ne ke dafa wa masu aski shayi. Bayan kam bai ƙara ciwo ba, tunda ba ya sunkuyawa.