Iyaye a Waje Suke Jira

A shekarata ta uku a jami'a aka saka ni cikin kwamitin tarbar sababbin ɗalibai. Aikin ba wani mai wuya ba ne: a tsaya a ƙofar amfi, wato babban ɗakin karatu, a nuna wa baƙi wurin zama, a kira sunaye, sannan a zagaya da su su ga ɗakin littattafai da inda ake cin abinci. Amma da aka rataya mini baj a wuya, sai ka ce sarautar Damagaram aka ba ni. Ni dama Allah ya yi ni da baki, ga faransanci da nake ji da shi, ga ƙawaye biyu ƴan Birni masu zuga ni. Ranar ko tafiyata sai da ta canza.

Ƙawayen nan sun ɗauka ni ma ƴar Birni ce, don a gidan goggona na zauna tun daga kwaleji. Ban taɓa yi musu ƙarya kai tsaye ba. Amma kuma ban taɓa gaya musu cewa a wani ƙauye na ƙasar Tirmini aka yanke mini cibiya ba. In suna yi wa wani dariyar ƙauyanci, tawa dariyar ta fi ta kowa ƙarfi.

Kafin a buɗe ƙofa, shugaban biro mai kula da rajista ya tara mu. Ya ce bana akwai manya cikin sababbin: malaman lakwal, wato makarantar firamare, da ma'aikatan asibiti da suka sake zaman jarrabawar bak ta shiga jami'a bayan shekaru, da matan aure da suka ajiye karatu suka dawo. Ya ce mu kula da su, don su ne suka fi kowa jin baƙunta. Ya kuma ja mana kunne a kan lis ɗin sunaye. Kowane suna a kira shi sau uku. Wanda ya amsa za a ba shi takarda mai hatimi, kuma ita ce ma'aikaci zai kai wa shugabanninsa su sake shi ya yi karatu. Wanda bai amsa ba, wurinsa na masu jiran layi ne. Na ji duka, na gyaɗa kai. Sai dai a raina, da ya ce manya, masu shekara talatin nake hange.

Ina tsaye a ƙofa, mutane na ta kwarara, sai ga wani dattijo cikin doguwar riga ruwan toka mai karin guga, da hula, da ƴar jaka ta leda a hammata. Gemunsa ya yi fari fiye da rabi. Tun kafin ya iso na gane shi. Mushe ne, malamin da ya karɓe ni a ajin farko a ƙauyenmu, wanda ya riƙe hannuna na rubuta harafin farko a kan allo. Mu can ba ma kiransa da komai sai Mushe, kamar yadda ake kiran malamin boko. Ko iyayenmu haka suke kiransa. Sunansa na yanka mun san shi, amma ba wanda ya isa ya faɗe shi.

Shi ma ya gane ni. Fuskarsa ta washe, ya ɗan buɗe baki, kuma na san abin da zai fito. Saboda surutuna Aku yake ce mini, akun ajinsa. A raina na hango shi yana faɗin haka a gaban ƙawayena, yana tambayata ya mutanen gida, yana ambaton sunan ƙauyen. Ban ba shi dama ba. Na ɗaga murya yadda kowa zai ji, na ce, "Baba, iyaye a waje suke jira. Ga benci can gindin itacen bedi, in an gama yaronka zai fito ya same ka."

Ƴan samarin da ke bayansa suka fashe da dariya, ƙawayena ma suka taya su. Ya dube ni, ya dubi baj ɗin da ke wuyana, ya dubi lis ɗin da ke hannuna. Ya ce, "To, madam." Ya juya ya nufi bencin.

Shekaru na yi ina ba da wannan labari a matsayin kuskure, ina cewa na zaci rakiya ya yi. Rabin gaskiya ke nan. Lallai na zaci ɗansa ya kawo, don ban taɓa kawo wa raina cewa Mushe zai zauna a bencin ɗalibai ba. Amma Baban nan da na ce masa, da gangan na ce, don kada a san na san shi.

Aka yi jawabai, aka yi tafi, sannan aka miƙo mini mikro, abin magana, in kira sunaye. Ina ta zuba, ina jan kowane suna da irin lafazin mutanen rediyo. Can wajen tsakiyar shafi na biyu idona ya sauka a kan nasa. Sunansa ne, da na mahaifinsa, ga Tirmini a gefe, ga shekarar haihuwa wadda ta girmi ta kowa a shafin. Daga inda nake tsaye zuwa gindin bedin nan bai fi taku arba'in ba. Da na ajiye mikro na fita na durƙusa na ce ya shigo, da magana ta ƙare. Amma rabin ɗakin sun ji lokacin da na kore shi, kuma na san dariyar da aka yi masa kaina za ta dawo. Sai na ce a raina zan gyara in an tashi.

Na kira sunan malamina tsirara, ba Mushe, ba Malam, sau uku kamar yadda aka ce, da sauri kamar mai haɗiye magani. Ba wanda ya amsa. Na sa bik na rubuta absan, wato bai zo ba, a gabansa da hannuna, na wuce na gaba.

Ba a tashi ba sai bayan azahar, don sai da muka zagaya da su ko'ina. Da na samu kaina na ruga gindin bedi. Bencin ba kowa, sai wata dattijuwa mai sayar da ƙosai da kunu tana kwashe kayanta. Na tambaye ta ko ta ga wani mai riga ruwan toka.

Ta ce, "Mai jakar leda? Ai ya daɗe a nan, ƴar nan. Ko kunu na yi masa tayi ya ce alhamdulillahi. Da aka fara kiran suna ta abin maganar nan, ya matsa kusa da taga yana saurare. Can sai na ga ya miƙe tsam, ya ɗaga yatsa sama, ya ce wani abu da nasaranci. Har sau uku yana faɗi. Na ce malam shiga mana, ya ce a'a, mai lis ta ce a jira a waje. Da ya ji an wuce shi, ya ɗan zauna, sannan ya tare kabu-kabu ya ce a kai shi tasha."

Na san abin da ya faɗa. Prezan ya ce, wato ga ni, yadda ya koya mana mu amsa kowace safiya, a tsaye, yatsa a sama. Na tsaya a wurin kamar ƙasa ta tsage in shige. Matar na ta kallona.

Washegari na je biro na faɗa wa shugaban komai, har da Baban. Ya yi mini wankin babban bargo, kuma ban ɗaga kai ba don na cancanta. Da ya huce ya ce shi ba zai goge abin da aka rubuta a bayan idon mutum ba. Ranar Litinin da safe za a sake kiran waɗanda ba su amsa ba, sau ɗaya tak. In ya zo ya amsa da bakinsa, wurinsa na nan. In bai zo ba, shi ke nan.

Ranar Asabar na hau motar Tirmini. Lokacin kaka ne, ko'ina damman hatsi a jingine, amma ban ga kyan komai ba. Innata ta yi murna da ganina ba zato. Tana dama mini fura take cewa, "Ai Mushe ya dawo ran Laraba. Ya ce ya gan ki, kin girma, har ke ce mai tsaron ƙofa, kowa na bin maganarki. Ya ce in gode wa Allah." Na tambaye ta me ya ce game da karatunsa. Ta ce cewa ya yi wurin na yara ne, shi ya haƙura. Ta ƙara da cewa abin da tausayi, don shekara uku yana zaman jarrabawar nan kafin ya samu, har mutanen gari na yi masa tsiya wai zai yi aji ɗaya da jikokinsa. Furar nan ban iya shan ta ba.

Na same shi a lakwal shi kaɗai, don ba a karatu ranar. Yana tsaye gaban babban allo yana rubuta darasi da irin rubutunsa mai kyau, kuma kwanan watan da ya sa a sama na ranar Litinin ne. Ganin wannan ya fi komai tayar mini da hankali, domin ya nuna ya riga ya yanke inda zai kasance ranar.

Na yi sallama, na cire takalmi a bakin ƙofa, na durƙusa. Na ce, "Mushe, ku yafe mini. Na gane ku tun daga nesa. Kunyar a san ni ƴar ƙauye ce ta sa na yi abin da na yi."

Ya ajiye alli, ya karkaɗe hannunsa. Ya ce, "Na san kin gane ni. Wanda ya koya wa yaro riƙe alli ai ya san idonsa."

Na ce, "To me ya sa ba ku shigo ba? Me ya sa ba ku ce ku ɗalibi ne ba?"

Ya ce, "Lis a hannunki yake. Ni na koya muku cewa mai riƙe da lis shi ke da aji, ko da ƙaninka ne. In na karya a gaban mutane, me na koyar ke nan?" Sannan ya ce, "Kuma gaskiya, ƴata, tun a mota gabana ke faɗuwa. Na ce in na ga fuska ɗaya da na sani, zan iya. Da na hango ki sai na ce Allah ya kawo mini sauƙi."

Nan kuka ya ƙwace mini. Bai rarrashe ni ba, bai kuma ƙara mini ba. Na gaya masa maganar Litinin, na roƙe shi har na rasa abin faɗi. Abin da kawai ya ce shi ne, "Tashi ki je, innarki na jira. Allah ya kai mu."

Ranar Litinin tun ƙarfe bakwai ina ƙofar amfi. Ƙawayena sun tambaye ni abin da ya sa idona ya kumbura, na ce musu ƙauyenmu na je, na faɗi sunan ƙauyen, na ce dattijon ran nan malamina ne. Ɗaya ta ce, "To shi ne me?" Ashe abin da na yi shekaru ina ɓoyewa bai dami kowa ba sai ni.

Ana saura kaɗan a rufe ƙofa sai ga shi, riga ruwan toka, jakar leda a hammata. Ya zo daidai inda na tare shi ran nan ya tsaya, mutane na wuce shi suna shiga. Na rusuna na ce, "Mushe, ku shiga, na ajiye muku wuri a gaba."

Ya ce, "A'a. Kira za ki yi tukuna. Ran nan na amsa, ba ki ji ba."

Na buɗe lis ɗin. Ga sunan, ga absan ɗin da na rubuta a gabansa. Shugaban biro na tsaye a gefe da hatimi yana jira, ƴan gaba-gaba sun juyo suna kallo. Na buɗe baki, sunan da na faɗa sau uku a mikro ba ko gezau ya ƙi fitowa. Na sake gwadawa, ya ƙi. Da ƙyar na ce, "Mushe."

Ya gyara tsayuwa, ya ɗaga yatsa sama, ya ce, "Prezan, madam."

Shekara uku ya yi a jami'ar har ya ɗauki lisans, wato digirinsa. Kullum muka haɗu zai tsaya mu gaisa, ya tambayi innata, ya sa mini albarka. Amma madam yake ce mini. Na yi ta jira, har ranar da ya gama, bai ƙara ce mini Aku ba.