Minti Uku a Kan Benci

Na manta abubuwa da yawa a tsufan nan, amma ranar da aka auna numfashin jikata a makaranta ba za ta fita daga raina ba har in koma ga Allah.

Mu mutanen wani ƙauye ne a bayan Dogon Dawa. Can aka haife ni, can na binne mijina. Da 'yan bindiga suka matsa mana, muka baro ƙauyen da ƙafa da rana tsaka, muka bar dawa ta nuna a gona. Jikata tana shekara tara a lokacin, siririya, ita ce a gaba, tana tsayawa tana jiran manya. Sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa nake ce mata Uwata.

Da muka sami ɗaki a cikin Birnin Gwari, sai na tsare ta a gida. Zuwa makaranta a babur, dawowa a babur. Ba ɗebo ruwa, ba kai niƙa, ba gidan ƙawa. Na bi ta da tuwo da man shanu, da fura, da ƙosai. Tana cika ina jin daɗi. Duk wadda ta ce yarinyar ta yi ƙiba sai in ce, "Riƙon kaka ke nan, ke ma nemi taki."

Tana shekara goma sha biyar ta zo da takarda, ta karanta mini: ma'aikatan lafiya za su gwada yara masu jiki, ana son babba ya raka. Na ɗaura zanena na biki, na tafi da shirin faɗa.

A aji muka tarar da wata ma'aikaciya da agogo a hannu, ga ɗan gajeren benci a gabanta. Ta ce, "Iya, ba allura ba magani. Hawa za ta riƙa yi tana sauka na minti uku, sannan mu ƙirga bugun zuciyarta."

Na yi dariya har da tafa hannu. "Minti uku? 'Yar nan, wannan da kike gani daga daji ta tako har garin nan, ko ruwa ba ta nema ba. Kawo turmi ma ta hau. Uwata, nuna musu!"

Ta fara. Hawa, sauka, hawa, sauka. Ba a cika minti biyu ba gumi ya jiƙa hijabinta, numfashinta yana fita da ƙara kamar na mai asma. Ta dafa bango, ta durƙushe. Ma'aikaciyar ta riƙe wuyan hannunta tana duban agogo, ta jima, sannan ta ɗago.

"Iya, a rana daga ina zuwa ina take takawa?"

Jikata ce ta amsa, tana haki. "Daga ɗaki zuwa zaure. Iya ba ta bari."

Matar ba ta ga laifina ba. Ta ce abu ne mai gyaruwa, a riƙa tafiya kullum, a rage maiƙo. Amma ni abin da ya faɗo mini daban ne: in aka sake cewa a gudu fa? Goya ta zan yi?

Washegari muka fita tare, zuwa bakin kasuwa mu dawo. Tana mita, ina tsokanarta. Bayan wata biyu muna kaiwa har ƙarshen gari, inda hanyar gida ta miƙe ta shige daji. Nan muke tsayawa. In nuna mata da baki inda gonarmu take, da rafin da muke wanki, ta ce, "Iya, wata rana za mu ƙarasa." In ce Allah ya sa.

Yanzu tana Zariya tana karatu, mai gudu ce har a wasannin makarantarsu. Ni kaɗai nake zuwa bakin hanyar, in tsaya in yi ta kallo. Har yau ba mu ƙarasa ba.

Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, tsorona ya kusa raba yarinyar da ƙafar da ta fitar da ita daga daji. In kana son naka ya tsira, bar shi ya taka ƙasa.